Maganin da Umma Ta Zubar

Auta na tsugune a bakin famfon banɗaki tana kurkure baki, amai na biyu ke nan tun safe, sai ta ji ana jan durowar gefen gadonta. Ta san ƙarar durowar nan, sai an ɗan ɗaga ta take fitowa. Mijinta ba ya gari, kuma mutum ɗaya ne a gidan bayan ita.

Ta fito tana goge fuska da bakin zani. Umma, mahaifiyar mijinta, na tsaye a tsakiyar ɗakin, tabarau a kan karan hanci, tana jujjuya wani farin kwalin magani.

"Wannan kuma na mene ne, 'yar nan?"

"Na ciwon kai ne, Umma."

"Ciwon kai safe da yamma? Tun da na zo nake ganin kina shigewa ɗaki kina turo ƙofa. Ni fa ba yarinya ba ce."

Umma ta zo ne da jakarta tun ranar da ta ji labarin cikin. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Injiniya, wanda take kira Babana, kuma shekara uku ke nan tana jiran wannan albishir. Shi Injiniya aikinsa gyaran turakun sadarwa ne, in aka tura shi daji sai ya yi kwanaki bai leƙo gida ba. Da zai tafi wannan karon har murna ya yi da cewa Auta ba za ta zauna ita kaɗai a hawa na uku ba.

Umma ta ɗago kwalbar folik asid ta duba, ta mayar. "Wannan na san shi, na awon ciki ne. Amma wannan ɗayan, babu mai cikin wata biyu da za ta haɗiye shi ina numfashi. Ashe shi ya sa muka yi shekara uku muna zuba ido."

"Umma, wallahi ba abin da kike zato ba ne. Likita ce ta ba ni."

"To likitan me? Faɗa mini ciwon."

Auta ta kawar da kai gefe. Umma ta gyaɗa kai kamar wadda ta sami amsa, ta wuce ta gefenta zuwa banɗaki. Auta na ji ana ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ruwa. Aka ja ruwan masai. Maganin wata guda ya tafi.

Ciwon da ta kasa faɗa farfaɗiya ce. Tun tana sakandare take da ita, amma da aka dace da magani sai ta lafa, har ta yi shekaru ba ta faɗi ba. Tun farkon soyayyarsu ta sanar da Injiniya, tana kallon takalminta, tana jiran ya nemi hanyar zamewa kamar yadda wani ya taɓa yi. Shi kuwa sai ya ce, "To sai me? Ni ma ina minshari, kin ga mun yi canjaras." Ta yi dariya har da hawaye. Iyayenta sun so a sanar da danginsa kafin aure, ya ce su bar masa, shi ya san yadda zai ɓullo wa mahaifiyarsa. Yau ne, gobe ne, har aka ɗaura aure bai faɗa ba.

Jinkirin haihuwar ma da saninsu aka yi shi. Likitarta ce ta ce su dakata sai ta sauya mata magani zuwa wanda ya fi dacewa da mai ciki, ta ga jikinta ya karɓa. Ranar da gwaji ya nuna cikin, Auta ta cika ta da tambaya. Shayi fa? Taka keken ɗinki fa? In kai ya yi ciwo me zan sha? Likita ta amsa mata duka tana murmushi. Ta ce shayi kaɗan ba laifi, ɗinki ma haka in ba ta gaji ba, amma nama da ƙwai a dafa su sosai, kuma ko jiƙo ko ƙwaya kada ta sha sai ta tambaya. In ta ga jini ko ciwon mara mai tsanani, ta taho take. Daga nan murmushin ya ɗauke. "Maganinki kuwa, kada ki kuskura ki daina shi da kanki. Dainawa farat ɗaya ta fi komai haɗari gare ki da abin da ke cikinki."

Auta ta shige kicin ta kira mijinta. Sai a kira na huɗu ya shiga, muryarsa na yankewa saboda rashin sabis.

"Ta zubar? Duka? Inna lillahi... Sori, sori, Autata. Amma don Allah kada ki faɗa mata yanzu. Kin san hawan jininta. Bari in dawo in zaunar da ita."

"Yaushe za ka dawo?"

"Ruwa ya cinye mana hanya, motar kamfani ba ta iya fita. Ƙarshen mako, in sha Allah. Ki aika kemis ɗin ƙasa a sayo miki."

"In babu fa?"

Layin ya ɗauke.

Babu ɗin kuwa. Ta kira mai kemis ɗin da ke ƙasan benensu, ya ce irin wannan ba ya ajiye shi, sai babban asibiti, kuma da takardar likita. Ta kira lambar asibitin, aka ce ta zo da kanta. Da ta ce wa Umma tana son fita, Umma ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Awonki sai sati na sama. Ba hawa babur, ba sauka da hawan matattakalar nan. Me kike nema a waje da ba zan kawo miki ba?"

Ta yi tunanin kiran mahaifiyarta, ta fasa. Ta san tsohuwar, a ranar za ta hau mota ta zo, gidaje biyu su kaure da faɗa. Sai ta koma wayarta tana bincike a intanet, abin da Likita ta hana ta. Wani shafi ya ce irin waɗannan magungunan kan taɓa halittar jariri. Wani ya ce a'a. Ta yi ta karantawa har idonta ya yi yaji, shakka ta sami wurin zama a zuciyarta. Shekara nawa ba ta faɗi ba? Wataƙila ma ta warke. Wataƙila Umma alheri ta yi mata ba ta sani ba.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne Umma ba muguwa ba ce. Ba ta barin ta ɗaga ko bokiti. Ita ke wanki, ita ke shara, ita ke yanka mata lemo idan tashin zuciya ya taso. Ta kan dafa wani jiƙon saiwoyi mai ɗaci ta kawo mata a kofi, Auta ta yi godiya, in Umma ta juya baya ta tuttular a wurin wanke-wanke. Wata rana da la'asar Umma ta ɗora ƙafafun Auta a cinyarta tana matsa mata, ta yi magana ba ta kalle ta ba.

"Kafin Babana ciki uku na yi, duk ba su tsaya ba. Na ukun har ya fara motsi. Zazzaɓi ya kama ni, wani mai kemis ya haɗa mini ƙwayoyi a leda, na sha. Kwana biyu ba a yi ba cikin ya zube. Namiji ne, na gan shi da idona." Ta ci gaba da matsar. "In kin ga ina takura miki, ki yi haƙuri. Ba zan iya sake ganin wannan ba."

Maganar ta zo wa Auta har bakin leɓe. Ta tuna hawan jini, ta tuna roƙon mijinta, ta haɗiye.

Jikinta kuwa bai san da wani roƙo ba. Da safe tana shan ruwa hannunta ya fizga, kofin ya tarwatse a ƙasa. Umma ta ce laulayi ne, ta share gilasan. Washegari Umma na ba ta labarin wata maƙwabciyarta, Auta na ji, sai kawai ta tsinci labarin a wani wuri daban, Umma na kaɗa mata hannu a fuska.

"Ke, ina kika tafi haka?"

"Ina nan, Umma."

Ta san waɗannan alamun kamar yadda ta san tafin hannunta. Ta daina sa sakata in ta shiga wanka. Ta daina matsawa kusa da gas in yana ci. Ta bar kujera ta koma zama a kan kafet, nesa da kusurwar tebur. In ta tsaya a taga ta hango ƙasa, masu wankin mota da yara masu dawowa daga makaranta, sai ta ja baya da sauri. Wayar Injiniya kuwa ta daina shiga gaba ɗaya.

Ranar da ta farka ta ji kanta kamar an cika shi da auduga, ta yanke shawara. Ta yi wanka, ta sa doguwar riga, ta yafa mayafi, ta ɗauki katin asibiti. Umma na falo tana jan carbi.

"Ina zuwa?"

"Asibiti, Umma. Ki yi mini haƙuri, yau kam sai na je."

"Jini kika gani?"

"A'a."

"To ƙwayar za ki je ki karɓo." Umma ta miƙe. "Ashe duk maganar da na yi miki ta bayan kunnenki ta bi. Cikin ne ba kya so, ko ni ce ba kya son in ga jika?"

Auta ba ta taɓa wuce maganar Umma ba, amma ta buɗe ƙofa ta fita. Umma ta biyo ta tana kiran ta. Ta kai bakin matattakala, ta dafa ƙarfen, ta ɗaga ƙafa. Nan ta ji shi. Wani abu ya taso daga cikinta zuwa ƙirji, ɗanɗanon ƙarfe ya cika mata baki, ga warin ƙonannen roba alhali babu abin da ke ƙonewa. Matakalan siminti suka miƙe a gabanta har ƙasa.

Ta janye ƙafar. Ta ja da baya har ta jingina da bango, ta sulale ta zauna, ta kama hannun Umma.

"Umma, ki saurare ni, ba ni da lokaci. Farfaɗiya gare ni. Maganinta kika zubar. Yanzu zan faɗi."

"Me kika ce?"

"Kada ki sa mini komai a baki. Kada a danne ni. Ki tare mini kai, in na lafa ki juya ni gefe. A kai ni asibiti. Umma, cikina, don Allah ki..."

Iyakar abin da ta sani ke nan.

Sauran daga baya ta ji shi a bakin matar wani direba da ke hawa na biyu. Ta ce ihun Umma ne ya fito da mutanen benen. Suka tsaya cirko-cirko daga nesa, wata na jan 'ya'yanta tana cewa kada yawun ya taɓa su, ana ɗauka. Umma kanta ta ja baya, ta manne da bango, hannu a ka, tana kallon surukarta na jijjiga. Sai da kan Auta ya bugu da siminti sannan tsohuwar ta zube a gwiwa, ta cire mayafinta ta dunƙule ta tura mata a ƙarƙashin kai. Wani ya zo da cokali zai tura mata a baki, Umma ta buge hannunsa cokalin ya gangara ƙasa.

"Ta ce kada a sa mata komai. Ku nemo mota."

Auta ta farfaɗo a gadon asibiti, harshenta na zogi, ruwa na shiga hannunta. Ba ta tambayi inda take ba. Hannu ta kai mara.

"Kin ɗan ga jini," in ji Likita. "Za mu yi sikanin yanzu, mu ɗauki hoton cikin."

Aka shafa mata man nan mai sanyi. Likita na yawo da na'urar tana kallon allo. Umma na tsaye a bakin labule, babu mayafi, leɓɓanta na motsi. Auta ta rufe ido. Ta ji kamar an shekara. Sai wata ƙara ta cika ɗakin, da sauri da sauri, kamar ana buga ƙaramar ganga a cikin ruwa.

"Ga zuciyarsa nan. Yana nan daram."

Umma ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Likita ba ta ɗaga murya ba da ta ji yadda aka yi. Ta ce da a matattakalar ta faɗi, ko da abin ya daɗe bai sake ta ba, da wata maganar ake yi yanzu. Ta juya ga Umma. "Mama, tsoron da kike ji yana da tushe. Akwai magungunan da ke cutar da ciki, shi ya sa muke hana mai ciki shan abin da ba a rubuta mata ba. Amma akwai wanda rashinsa ne ke kisa. Mu ake tambaya, ba a yanke hukunci a gida." Ta dubi Auta. "Ke ma da kin gaya wa wanda ya ɗauki wayarki a asibitin nan abin da ya faru, da mun san yadda muka yi maganin ya same ki a ranar."

Injiniya ya iso da yamma, wandonsa duk taɓo, ashe da saƙo ya same shi, a ƙafa ya ratsa ruwan. Ya durƙusa a gefen gadon ya kifa kansa a hannunta yana kuka kamar yaro. Umma ta bar shi ya gama.

"Babana, ka san da wannan?"

"Na sani, Umma. Tun kafin aure."

"Ka bar ni na zubar da maganin 'yar mutane da hannuna. Da ta mutu fa? Ni za ka bari da wannan har kabarina?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Umma ta ɗauki jakarta ta fita. Ko gidansu ba ta koma ba, sai aikowa ta yi aka ɗauko mata kayanta.

Labari ya zaga dangi. Kawun Injiniya, yayan Umma, ya zo har falo ya zauna, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Auta na ɗaki tana jin komai.

"An yaudare mu. An kawo mana ciwo cikin zuri'a. Ka bari ta haihu ka sallame ta, kafin ta cika maka gida da masu faɗuwa."

Auta ta kasa kunne. Ta san mijinta, mutum ne mai gudun ɓacin ran manya, kuma wannan halin ne ya kusa kai ta lahira.

"Kawu, ka yi haƙuri," ta ji ya ce. "Ba wanda ya yaudare ku sai ni. Ita ta faɗa mini, iyayenta sun ce a faɗa muku, ni na ɓoye don tsoro. In akwai wanda za a hukunta, ga ni. Amma matata tana nan a ɗakinta har sai mutuwa ta raba."

Kawu ya tashi ya fita ko sallama babu.

Umma kuwa shiru. Kullum da safe Auta kan kira ta gaishe ta. Wani lokaci a ƙi ɗauka, wani lokaci a ce "Lafiya lau" a kashe. Injiniya ya ce ta huta haka nan, ta ce a'a. "Ba fushi take da ni ba. Ni na ga fuskarta a ɗakin sikanin. Kunya ce da tsoro." Ta ci gaba da kira. Cikin ya fito, laulayi ya wuce, magani ya zauna mata, ba ta sake faɗuwa ba.

Wata ranar awo, suna zaune a benci suna jiran layi, sai ga Umma ta shigo tana dube-dube. Ta zauna kusa da Auta. Da aka kira su ta riga su shiga ofishin.

"Likita, ni jahila ce a kan abin nan, tambaya na zo yi. Ana ɗaukarsa ta yawu?"

"Ko kaɗan, Mama."

"Jaririn zai gada?"

"Mafi yawan 'ya'yan masu wannan ciwon ba sa samunsa."

"Za ta iya shayarwa tana shan maganin?"

"Wanda take sha yanzu, za ta iya. Za mu riƙa duba su."

"In ta haihu, me zan yi, me ba zan yi ba?"

Likita ta gyara zama. Ta ce rashin barci na tayar da ciwon, don haka a riƙa karɓar mata jaririn ta huta. Wankan jariri kada ta yi shi ita kaɗai. Umma na gyaɗa kai tana maimaitawa kamar ɗaliba. Da suka fito ta tsaya a baranda, ta kama hannun Auta da hannu biyu.

"'Yata, ki yafe mini."

"Umma, ni ce zan nemi yafiya. Ƙarya na yi miki da kika tambaye ni."

Suka rungume juna suna kuka, Injiniya na gefe riƙe da jakunkunansu biyu, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da lokaci ya yi Auta ta haifi 'ya mace lafiyayya, mai cikar gashi da ƙarfin murya. Umma ce ta fara karɓar ta daga hannun nas. Kawu ma ya zo barka, ya tsaya daga bakin ƙofa yana leƙe. Umma ta taka har inda yake ta ɗora masa jaririyar a hannu.

"Yaya, riƙe ta da kyau. Uwarta ta fi mu duka haƙuri."

Kawu ya daɗe yana kallon 'yar fuskar, sannan ya nemi kujera ya zauna da ita.

Haka Allah ya saka wa Auta, ya bar mata mijinta, ya ba ta 'ya, ya ƙara mata uwa. Sai dai da ƙyar aka sha. Soyayyar da ke ɓoye gaskiya don gudun ɓacin rai takan jawo abin da ya fi ɓacin ran muni. Haƙuri da iyaye ado ne, amma yin shiru a kan abin da zai taɓa rai ba haƙuri ba ne. Mai ƙaramin ciki kuwa, kada ta fara magani, kada ta daina magani, sai da bakin likitanta, ko da wanda ya ce ta yi ɗin ya fi kowa ƙaunarta.